Kalmar "Dye": Rini Ne, Ba Mutuwa Ba

 

Yau za mu ɗan tattauna kan wata kalmar Turanci da muke yawan ji a kasuwa tun da muka zauna a ƙasar Yarabawa, wato "dye". Ana furta ta "dai", daidai da "die" mai nufin mutuwa, shi ya sa yaranmu 'yan makaranta ke rikita su. "Dyeing" yin rini ne, "dying" kuwa gargarar mutuwa. Harafi ɗaya tak ya raba su!

To, ma'anarta ita ce abin da ake narkawa a ruwa ya shiga cikin zare ya kama. Nan ta bambanta da fenti, wanda a saman abu yake zama. Mu Hausawa ba mu tara su a kalma ɗaya ba: muna da baba, da shuni, da lalle, da galura, aikin kuma rini, mai yinsa marini. Har yau ana tsoma zane a karofin Ƙofar Mata a Kano, kamar yadda maƙwabtanmu na Abeokuta ke rina adire da abin da suke kira "aro". Galurar Turawa baƙuwa ce, sai a 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, ya fara haɗa ta.

Ga inda gizo ke saƙar, jama'a. Bature yana kiran na tufafi "dye", na gashi ma "dye", amma ba a musanya su. Na abinci kuwa galibi "food colour" ake rubutawa a jikinsa. Akwai wata jar galura da ake ce wa Sudan, wadda marasa tsoron Allah ke zubawa a manja don ya ƙara ja. An hana sa ta a abinci. Haka abin da mata ke kira baƙin lalle: sau da yawa sinadarin rinin gashi ne, PPD, aka gauraya, kuma yana iya kumbura fata har ya bar tabo. Lalle na gaskiya ai ja yake kamawa.

Saboda haka iyaye mata masu zoɓo da alewa, da masu yi wa amare ƙunshi, in an sayo ƙulli babu rubutu, a mayar wa mai shi. In da rubutu, a kira yaro ya karanta kalmar da ke tare da "dye" ɗin kafin a buɗe.