Nonon Maza da Wuƙar Likita a Titin Harley

A unguwar Marylebone, a tsakiyar birnin Landan, akwai wani titi da ake kira Harley, wanda tun ƙarni na 19 ya yi suna saboda yawan likitocin da ke zaune a cikinsa. Gidajensa irin na dā ne, kusan kowace ƙofa an manna mata ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunan likita. A nan ba asibitin gwamnati ba ne, kowa da kuɗinsa yake zuwa. Daga cikin masu zuwan kuwa akwai mazan da ke shiga a ɓoye, don abin da ya kawo su ba su iya faɗa ko ga aminansu: nononsu ne ya girma kamar na mace, suna so a rage shi.

Wannan lalura ba sabuwa ba ce, aikin fiɗarta ma haka. Wani likita Bagirke, Bulus na tsibirin Ejina, ya bayyana yadda ake yin sa tun ƙarni na 7. Bayansa Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya sake bayyana shi a littafinsa At-Tasrif. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne kasuwa ta shigo cikin al'amarin.

To, me ke kawo shi? Kowane namiji yana da sinadarin maza a jikinsa, da kuma ɗan kaɗan na mata. Idan ma'aunin biyun ya karkace, sai naman nono ya kumbura. Akan ga haka ga jarirai, da tsofaffi, musamman kuma ga samari lokacin balaga. Kusan rabin yara maza sukan yi shi a wannan lokaci, galibi kuwa yakan baje da kansa cikin shekara biyu ba tare da magani ba. Amma ga baligi yana iya zama alamar wani abu dabam: ciwon hanta, ko na ƙoda, ko ƙari a maraina, ko yawan shan giya, ko wani maganin da mutum ke sha, kamar spironolactone. Wani kuma kitse ne kawai na ƙiba.

Akwai wani dalilin mai ban takaici. Samari da yawa suna ganin hotunan ƙarti masu murɗaɗɗen jiki a sinima da wayar hannu, sai su raina nasu. Wasu su shiga shan ƙwayoyi ko yin allurar ƙara tsoka. Jiki kuwa yakan juya wani kashi na wannan sinadari ya zama na mata. Saurayin da ya nemi ƙirjin ɗan dambe sai ya wayi gari da nono, daga nan sai neman likitan fiɗa. A 2022 wani kwamitin Majalisar Wakilan Birtaniya mai kula da kiwon lafiya ya fitar da rahoto kan yadda damuwa da surar jiki ke cutar da mutane, ya kuma ambaci waɗannan ƙwayoyi. Mu dai a ƙasar Hausa babbar riga ta daɗe tana rufa wa maza asiri, teɓa ma a dā alamar wadata ce. Sai dai wayar da ke hannun yaron Landan ita ce a hannun yaron Kano.

Shi aikin, akan sa mutum barci, a tsaga gefen bakin nono a cire naman, a zuƙe kitse da wani siririn bututu, dabarar da likitan Faransa Illouz ya inganta a ƙarshen shekarun 1970. Sa'an nan a ɗaure ƙirji da matsattsiyar riga na 'yan makonni. Ba na tsammanin akwai abin zargi ga wanda ya yi shekaru yana jin kunyar tuɓe riga idan ya nemi sauƙi, kuma da yawa sukan samu. Amma yana iya barin tabo, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, ko kan nonon ya daina ji. Kuɗinsa dubban fam ne, domin asibitocin gwamnati ba su cika yin sa ba sai da hujja mai ƙarfi.

Inda kuɗi yake, dole hukuma ta sa ido. A 2013 Sir Bruce Keogh ya binciki sana'ar gyaran jiki a Ingila ya ga ƙa'idojinta sun yi sako-sako. A 2016 hukumar likitoci ta ƙasar ta ce likitan da zai yi aikin shi da kansa zai nemi yardar mutum, ya kuma ba shi lokacin yin tunani. Tun 2022 an hana tallar irin wannan aiki ga 'yan ƙasa da shekara 18.

Duk da haka, adireshi a Titin Harley ba shaidar gwaninta ba ne, ɗaki ne da ake haya. Likitan kirki zai fara tambayar magungunan da mutum ke sha, ya auna jininsa, kafin a yi zancen wuƙa. Idan kuwa kumburin a gefe ɗaya yake, mai tauri, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fid da jini, to wannan ba maganar kyan jiki ba ce. A Birtaniya kaɗai ana samun maza kusan 400 da sankarar nono kowace shekara.