Jawabi Ga Ma'aikatan Asibiti: Sanin Ƙofar Numfashi A Wuya

Wannan jawabi an shirya shi ne domin likitoci da malaman asibiti da masu koyon aikin jinya. Kowa ya sani numfashi shi ne rai. In hanyar iska ta toshe ɗungum, ƙwaƙwalwa ba ta jimrewa fiye da minti 4 zuwa 6, sai ta soma lalacewa. Akan kawo majinyaci wanda mota ta ragargaza masa fuska, ko wuta ta ƙone shi, ko maƙogwaronsa ya kumbura, har bututu ya ƙi shiga ta baki ko ta hanci, iska kuma ta ƙi wucewa ta kowace dabara. To, a nan abin da ya rage wa likita shi ne ya buɗe wa iska ƙofa ta gaban wuya.

Ƙofar nan wuri guda ce, ƙarama ƙwarai. A tsakiyar wuya akwai guringuntsi mai tudu, watau zakaran wuya. Ƙarƙashinsa akwai wani guringuntsi mai kama da zobe. Tsakanin su biyu akwai tantani mai taushi, tsayinsa wajen santimita 1, bai kai rabin inci ba, faɗinsa santimita 2 zuwa 3. An zaɓi wurin ne don yana kusa da fata, yana ƙasa da inda murya ke fita, manyan jijiyoyin jini kuwa suna can gefe.

Ga yadda akan neme shi. A kwantar da majinyaci rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗunsa don wuya ya miƙe, sai fa in ana zaton ƙashin wuyan ya karye. Likita ya riƙe zakaran wuya da babban yatsa da na tsakiya, ya motsa shi dama da hagun, ya tabbata ya sami tsakiya. Sa'an nan ya ɗora manuni bisa tudun, ya gangaro da shi sannu sannu har ya faɗa wani ɗan kwarmi. In ya ji zobe mai tauri nan da nan ƙasan kwarmin, to, ya iso. Kada ya saki har a gama aiki.

Amma fa wuya suna ta tara. Na mata ba shi da tudu kamar na maza, mai ƙiba kuwa da mai maƙoƙo nasu a binne yake. Akwai kuma wani kwarmi sama da zakaran wuya, wanda yakan ruɗi mai gaggawa, ya yanka inda ba zai yi amfani ba. Saboda haka yana da kyau a sāke nema daga ƙasa: a fara daga ramin da ke bisa ƙashin ƙirji, a hauro, zoben da aka fara ji ya fi sauran tudu da tauri shi ne, ƙofar tana bisansa. Yawanci nisan wajen faɗin yatsa 4 ne. Inda akwai na'urar hoto mai aiki da sauti, akan duba a sa alama tun kafin a sa majinyaci barci.

Da can likitoci suna gudun wannan aiki, gama a 1921 Chevalier Jackson na Amurka ya yi gargaɗi cewa yana ƙuntata maƙogwaro. A 1976 likitoci biyu, Brantigan da Grow, suka ba da labarin majinyata 655 da aka yi wa shi, aka ga illarsa kaɗan ce. Tun daga nan ya sami karɓuwa. Duk da haka ba a yi wa ƙananan yara shi da wuƙa, don tantaninsu ya yi ƙanƙanta.

Lalle ne jama'a su gane, wannan aikin wanda aka horar ne kaɗai. Wanzami ko ɗan'uwan majinyaci kada ya kuskura ya sa aska a wuyan mutum. Nasa shi ne ya gaggauta kai shi asibiti.

Ma'aikaci kuwa ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Ya riƙa laluben wuyansa, da na abokan aikinsa in sun yarda, maza da mata, siriri da kakkaura, har yatsa ya san wurin ko a cikin duhu. Ranar da bukata ta zo, jini ya rufe wuri, ido ba zai taimake shi ba, sai abin da yatsa ya riga ya koya.

Allah ya ba majinyata lafiya, amin.