Kafin ka yi wa mahaifinka wa'azi

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), 'yan uwa, an ce in yi magana ne a kan zamanmu da iyayenmu. Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne kamar ku, saboda haka abin da na gani da wanda aka karantar da ni kawai zan faɗa.

Kukan da muka fi ji a bakin 'yan uwa matasa shi ne, Baba ba ya fahimtata, an sa mini ido a gida, an hana ni fita ta'alim. To amma ɗan uwa, yaushe rabon da ka zauna ka gaya wa mahaifin nan naka gaskiyar inda kake zuwa?

Ni da kaina na yi wannan kuskuren. Ina aji biyar a sakandare, kullum bayan Magariba sai in ce zan je bitar karatu gidan abokina, alhali wajen ta'alim nake zuwa. Wata uku ina haka, har wani maƙwabci ya gaya wa mahaifina a masallaci. Bai dake ni ba. Ya dai dube ni ya ce, "Idan alheri kake zuwa koyo, don me sai da ƙarya ake zuwa?" Wallahi ban sami amsa ba. Na kusa shekara kafin ya sake yarda da maganata. Ko aikena kasuwa ya yi, sai ya ƙirga canji a gabana.

Mu fahimci wani abu. Tsoron da iyayenmu ke ji ba na banza ba ne. Dattijon da ya ga rikicin Maitatsine a Kano a 1980, ko ya ga abin da ya faru a Maiduguri a 2009, ya san gidajen da yaransu suka fita da sunan karatu ba su dawo ba. Shi bai san malaminka ba, bai san me ake gaya maka ba. Abin da ya gani kawai shi ne ɗansa ya canza, ya daina hira a tsakar gida, in kuwa ya buɗe baki to gyara ne: wannan bidi'a ce, wancan jahilci ne. In kai ne shi, hankalinka zai kwanta?

Ku je ku duba Suratu Maryam, aya ta 42 zuwa 47. Annabi Ibrahim (AS) yana magana da Azara, wanda malamai suka yi saɓani ko mahaifinsa ne ko baffansa, mutumin da ke bautar gumaka. Sau huɗu a jere yana kiransa da lafazin girmamawa irin na ɗa ga uba. Da tambaya ya fara. Bai ce masa jahili ba, ya dai nuna masa cewa wani ilimi ya iso gare shi wanda bai iso ga uban ba. Da aka yi masa barazanar jifa, sallama ya mayar, ya kuma yi alƙawarin nema masa gafara. Wannan fa mai bautar gunki ne. Kai kuwa mahaifinka shi ya fara riƙe hannunka ya kai ka makarantar allo, shi yake tashinka sallar Asuba, amma don ka karanta littafi biyu sai ka ɗaga masa murya a gaban ƙannenka?

Ita yarda gini ce, kuma kowa da tubalin da zai sa. Annabi Yusuf (AS) da ya yi mafarki, wurin mahaifinsa ya kai, domin ya san za a saurare shi a rufa masa asiri. A Suratus Saffat aya ta 102, Annabi Ibrahim, da umurnin Allah a hannunsa, sai da ya tambayi ɗansa me ya gani. Wannan darasi ne ga iyaye, kuma mu riƙe shi, don yawancinmu nan ba da jimawa ba za a kira mu Baba.

Amma yau mu ne 'ya'ya. In za ka fita, faɗi inda za ka da lokacin dawowa, kuma ka dawo a lokacin. In ka makara, ga waya a aljihunka. In akwai maganar da ta yi nauyi, kada ka tare shi ya dawo daga kasuwa a gajiye, kada kuma ka yi ta a gaban jama'a. Ka fara bi ta wajen mahaifiyarka ko wani baffa da yake jin maganarsa. Ka gayyace shi ya zo ya ji karatun da kunnensa, ko ka kai abokanka su gaishe shi ya san fuskokinsu.

Wani zai ce, to idan sun umurce ni da saɓon Allah fa? Suratu Luƙman aya ta 15 ta warware wannan: ba a bin su a shirka, amma ana zama da su da kyautatawa. Sai dai mu ji tsoron Allah, mu nawa ne a nan aka taɓa umurta da shirka? Yawanci cewa aka yi ka je gona, ko ka tsare shago, ko ka dawo gida kafin ƙarfe 10.

Lokacina ya ƙare, na ga ana ɗago mini hannu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.