Bashin Damina da Hatsin Kaka: Jawabi ga Manoman Ikilisiyoyinmu

Maganar da muka kawo yau magana ce da yawancinmu ba mu so a yi ta a bainar jama'a, wato maganar bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma mun maida wannan karin magana matashin kai, muna kwanciya a kansa shekara da shekaru.

Bari mu bi shekarar manomi a ƙasarmu, daga Bichi zuwa Tsanyawa, Ɗambatta da Kunci. Gonakinmu ƙanana ne, an raba gado har an gaji, ba saurar da za a bari ta huta. Wajen watan Yuli ko Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga noma na biyu bai ƙare ba. Sai maigida ya tafi wurin mai hali ya karɓi falle, wato kuɗi ko hatsi yanzu, a biya da amfanin gona da kaka. A wurare da yawa dami ɗaya ake karɓa a mayar da biyu. Mu tsaya mu lissafa wannan. Daga Agusta zuwa Nuwamba wata uku ne ko huɗu, kuma a cikinsu bashin ya ninka kansa. Babu bankin da zai faɗi irin wannan ruwa mu yarda, amma da yake dami ne ba takardar kuɗi ba, ba ma jin zafinsa.

Kaka ta yi, mai bashi ya ɗebi nasa tun a masussuka. Abin da ya rage kuma sai buƙatu su taso masa gaba ɗaya: kuɗin makaranta, kayan Kirsimeti, aure, bikin da aka yi mana bara wanda dole mu rama da ƙari. Sai mu kai gero da wake kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, farashi yana ƙasa. 'Yan kasuwa su saya su tara a Dawanau. Damina ta dawo, mu sayi hatsin nan da tsada, tiya tiya, da kuɗin bashi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, daga baya kuma ta yi aiki a Dorayi kusa da birnin Kano. Abin da ta gani shi ne, matalaucin manomi yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya sami abin tuwon dare, a daidai makon da gonarsa take bukatar fartanya. Ciyawa ta cinye tasa, amfaninsa ya ragu, baɗi ya shiga bashi da wuri fiye da bana. Daga nan sai jinginar gona, daga jingina sai sayarwa. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma idan muka duba unguwanninmu za mu iya nuna gidajen da wannan labari yake faruwa yau.

Ba mu ce laifin duka namu ba ne. Ba mu muka kawo farin 1973 ba, ba mu muka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ba, wanda ya sa kuɗin mota da na kaya suka haura. Amma akwai abin da yake hannunmu, shi ne yadda muke ɗaukar kuɗi a zuciya.

Mun saba ganin hatsin kaka kamar riba, alhali ba duka namu ba ne. A cikin dami ashirin da ke tsakar gida, akwai na iri, akwai na taki, akwai abincin watan Agusta mai zuwa. Wanda ya sayar da abincin Agusta a Disamba don ya ɗinka wa gida anko, ya riga ya ci bashi, sai dai bai je ya karɓo ba tukuna. Kirsimeti ba ta lalacewa don an sa rigar bara. Muna faɗin wannan da sanin cewa ba shi da daɗin ji, musamman ga iyaye mata da yara ke yi wa kuka.

Sai kuma ɓoyo. Magidanta da yawa matansu ba su san nawa ake bin gidan ba, su ma matan suna da nasu a wurin mai shago da uwar adashi. Kowa yana rufa asirinsa, bashin yana girma a duhu. Shawararmu, miji da mata su zauna da littafi na ɗan makaranta, a rubuta wa ke bin mu, nawa, yaushe za a biya, da me zai ƙaru idan an makara. Wanda bai iya rubutu ba ya kira ɗansa. A fara kashe wanda ya fi ruwa, yawanci falle ne, ko da shi ne mafi ƙanƙanta. Idan akuya biyu za su fanshi gonar da ke jingina, a sayar da akuyoyin. Akuya takan samu, gona a ƙasar nan in ta fita da wuya ta dawo.

Za a ce, to da me za mu tsallake damina? Mu duba maƙwabtanmu na Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan ƙauyukan can, aka kira shi Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu kuɗi daga waje ba. Mata kamar ashirin ko talatin suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati. Yadda tsarin ya zauna daga baya, akwatin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta biya cikin 'yan watanni da ɗan ƙarin da su da kansu suka yanka. Bambancinsa da adashi shi ne, ba sai zagaye ya zo kanki ba, kuma ƙarin da aka biya ba ya fita daga ƙungiya, a ƙarshen shekara ake raba shi da uwar kuɗin. Tsarin nan ya bazu ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa suna iya yin irinsa, kuma in za a yi, a sa ranar rabo a farkon damina, lokacin taki da yunwa. In aka sa ta a Disamba, a kasuwa za ta ƙare.

Game da ajiya, buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana tsare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, muddin an shanya waken sosai an ɗaure bakin da kyau. Amma mu yi hattara. A 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, waɗanda suka ci bashi suka tara don jiran tsada sun yi asara. A ajiye don ci da iri tukuna. Kada kowa ya ranci kuɗi don ya yi caca da farashi.

Akwai magana kuma ga masu ba da bashi, domin wasunsu a benci ɗaya muke zama da su ranar Lahadi. A sura ta 5 ta littafin Nehemiya, talakawa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi a lokacin yunwa, masu karɓar jinginar kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya ya tara su a fili, ya sa suka mayar da gonakin. Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su bincika a natse gonaki nawa ne na membobinsu ke hannun wasu membobin, su zaunar da ɓangarorin biyu kafin ruwan shuka ya sauka, a yanka lokacin biya da mai gonar zai iya, a rubuta a takarda da shaidu biyu.