Tsilar Naman Shanu: Hanyar Yaɗuwarta da Sharaɗin Warkewa

Tsilar da ake ɗauka daga naman shanu, wadda masana ke kira Taenia saginata, farar tsutsa ce mai faɗi mai gaɓoɓi, wadda ke maƙale kanta a bangon ƙaramin hanji, tsawonta kuma kan kai mita 4 zuwa 10. A cikin mutum kaɗai take balaga, saniya kuwa zango ce kawai a gare ta. Idan mai ɗauke da ita ya yi bahaya a fili, gaɓoɓin da suka fita, kowace da dubban ƙwayaye, sukan gurɓata ciyawa da ruwan da shanu ke sha, idan saniya ta haɗiye su sai ƙwayayen su ƙyanƙyashe, su ratsa hanjin dabbar, su zauna cikin tsoka a matsayin 'yan ƙuraje farare da ba su kai girman ƙwayar wake ba, musamman a zuciya da harshe da naman muƙamuƙi. Tsire ko balangun da bayansa ya gasu amma cikinsa na da sauran ja ya isa ya mayar da ita cikin mutum, inda take cika girma cikin wata biyu zuwa uku.

Alamunta ba su da tsanani, domin ba su cika wuce ciwon ciki da tashin zuciya ba, sai dai gaɓoɓinta kan sulalo da kansu ta dubura, majiyyaci ya tsince su a wando, kuma kunyar wannan ce ke hana mutane da yawa zuwa asibiti, abin da ke tsawaita cutar shekara da shekaru.

Maganinta ba shi da wuya: ana shan firazikwantel sau ɗaya, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, ko nikulosamid giram 2 ga babba. Kuskuren da akan yi shi ne ɗaukar fitar doguwar tsutsa a matsayin waraka, alhali muddin kanta na maƙale a hanji za ta sake tofo, shi ya sa ake buƙatar sake gwajin bahaya bayan kamar wata uku. A yankunan da ake kiwon alade kuwa wajibi ne likita ya yi hattara, domin tsilar alade, wato Taenia solium, kan sa ƙuraje a ƙwaƙwalwa, har ga wanda bai taɓa cin naman ba idan ya haɗiyi ƙwanta a abinci, kuma firazikwantel na iya tayar wa irin wannan majiyyaci da farfaɗiya.

Warkar da mutum ɗaya ba ta katse zagayen matuƙar babu masai a ruga da ƙauye, kuma ana yanka a gida inda malamin dabbobi ba ya duba nama. Abin da ke hannun mai gida da mai tsire shi ne dafa nama ko gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, kuma ja ya ɓace gaba ɗaya.