Wa Kwamfutarki Ta Yarda Da Shi?

Yau maganar kwamfuta zan yi, musamman da ku masu ajiye sunayen mambobi da masu tura kuɗi ta banki.

Duk shafin intanet mai tsaro da kika buɗe, sai ya nuna wa kwamfutarki satifiket ɗin tsaro, kamar katin shaida. Ita kuma tana da jerin kamfanonin da ta yarda da sa hannunsu, kamar yadda ake yarda da baƙo idan mai unguwa ya ce ya san shi. To idan aka cusa mai unguwan ƙarya a jerin fa? Sai shafin bogi ya zo da kamannin bankinki, kwamfuta ba ta ce uffan ba, lambar sirrinki ta tafi.

Ya taɓa faruwa. A 2015 aka gano wasu kwamfutocin Lenovo sun fito da manhajar Superfish, wadda ta dasa nata satifiket, har ɓarayi na iya leƙen abin da mutum ke aikawa.

Ga yadda za ki duba a Windows. Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta certmgr.msc, ki danna Enter. A hagu ki buɗe Trusted Root Certification Authorities, sannan Certificates. Za ki ga sunaye da yawa, irin su Microsoft, DigiCert da GlobalSign, kowanne da ranar ƙarewarsa. Kada yawansu ya tsorata ki, haka abin yake.

Shawarata: yau ɗin nan ki ɗauki hoton jerin da wayarki. Duk ran da kika kai kwamfutar gyara, ko kika ba wani aro, in ta dawo ki kwatanta. Kin ga sabon suna? Don Allah kada ki yi saurin gogewa. Windows da kanta tana ƙara wasu, manhajar kariya ma haka, kuma goge na gaskiya kan hana shafuka buɗewa. Ki dakata da harkar banki a kanta, ki nuna wa masanin da kika amince da shi.

Wanda kuma ya turo miki saƙo wai ki saka satifiket kafin ki samu tallafi ko data kyauta, ki ce a'a. Rigakafi ya fi magani.

A tura wa sauran 'yan uwa. Allah ya tsare mana dukiya da sirrinmu, amin.