Fasakwari: Ɗan'uwan Lemu Ne, Ba Na Barkono Ba

Shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa na nan Ingila, da na gida da za su karanta wannan daga baya.

An ce in yi magana a kan fasakwari, tunda da wuya mutum ya dawo daga gida ba a cusa masa ƙullinsa a jaka ba. Yawancinmu saiwar kawai muka sani, ko garinta a yajin jego. Itacen kansa bai cika tsawo ba, kuma ƙaya gare shi tun daga gindi har rassa, har a jijiyar ganye. Ganyen ƙanana ne jere a tsinke ɗaya, irin na darbejiya. In ka ɗaga shi a rana za ka ga ɗigo-ɗigon mai a ciki, in ka murje kuma sai ka ji ƙamshin lemu. Shi ya sa masana tsirrai suka sa shi a dangin lemu, Rutaceae. Duk yajin nan nasa, bai haɗa komai da barkono ko masoro ba. Akwai namiji akwai mace, kamar dabino. 'Ya'yan in sun nuna sukan tsage, baƙar ƙwaya mai sheƙi ta leƙo.

Tun 1981 sunansa na kimiyya Zanthoxylum zanthoxyloides, amma tsofaffin littattafai Fagara suke cewa. Barkonon Sicuwan da kuke gani a shagunan 'yan Sin ɗan gidansu ne, duka biyun sukan ɗan kashe harshe.

Yanzu ga inda abin ya shafe ni a matsayin likita. A 1971 Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife da abokin aikinsa sun nuna cewa ruwan saiwar yana miƙar da ƙwayoyin jinin sikila a kwalbar gwaji. Aiki ne mai daraja, amma kwalba daban, jikin yaro daban. Ga shi saiwa in ta zama gari, ba ganye ba ƙaya, ko masani ba zai rantse cewa fasakwari ba ne.

A ci shi a yaji, ban hana ba. Amma mai yaro sikila, don Allah kada a ajiye fenisilin ko haidiroksiyuriya saboda shi, kuma a faɗa wa likitan yaron duk abin da ake jiƙa masa. In zazzaɓi ya zo, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa.